Tsohuwar Mota da Hakkin Jama'a

Duk wanda ya tsaya a bakin babban titi ranar kasuwar Shuwarin, nan kusa da Dutse, zai ga motoci iri iri suna kwararowa, waɗansu daga wajen Kiyawa da Jahun, waɗansu daga Birnin Kudu, waɗansu kuwa tun daga Kano. A cikinsu akwai sababbi masu ƙyalli, akwai kuma waɗanda suka girmi direbobinsu. Ga a-kori-kura ƙirar Fijo ta sha buhunan gero har bayanta ya kusa taɓa ƙasa, an ɗaure ƙofarta da igiya. Ga tsohuwar gingimari mai bodin katako tana tafe tana nishi, mutane sun hau bisa kaya sun zauna.

Waɗannan motoci suna da tarihi. A 1975 masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, ta cika ƙasar nan da 404 da 504. Tun kafin a yanke Jihar Jigawa daga Jihar Kano ran 27 ga Agusta 1991, a mai da Dutse babban birninta, irin waɗannan motoci ke kai amarya gidan miji, da mai naƙuda asibiti, da hatsi kasuwa. Waɗanda suka rage a cikinsu sun zama kamar dattawan gari. Masu su suna ji da su, sun san halinsu, har su kan yi musu kirari.

To, a nan wata tambaya ta taso, wadda ba ta makanikai kaɗai ba ce. A al'adar Hausawa tsufa ya kan jawo wa mutum rangwame. Ba a sa dattijo aikin gayya, ba a tsai da shi a rana a yi masa titsiye. Shin tsohuwar mota ita ma ta cancanci irin wannan rangwame? Ko daidai ne a ce wa mutumin da ya riƙe motarsa shekara talatin ya kawo ta a gwada, ya kuma biya kuɗin inshora kowace shekara, alhali kuwa bai taɓa kaɗe ko akuya ba?

Abin da doka ta ce

Abu biyu doka ta ɗora wa mai mota game da wannan batu. Na fari shi ne takardar shaidar lafiyar mota. Ma'aikatan duba motoci na jiha, waɗanda a ke kira Bi'ai'o, su ke da alhakin gwada birki, da sitiyari, da fitilu, da tayoyi, sa'an nan su ba da shaida cewa motar ta isa hawa hanya.  Ƙa'idojin hanya na ƙasa na 2012 su suka ce a duba motar haya da ta ɗaukar kaya kowane wata shida, motar gida kuwa wadda ta shekara huɗu a duba ta sau ɗaya a shekara.

Na biyu shi ne inshora, watau wani kuɗi da mai mota ke biya wa kamfani, bisa alkawarin in motarsa ta yi wa wani ɓarna, ko ta ji masa rauni, ko ta kashe shi, kamfanin zai biya. Wannan doka tsohuwa ce. An kafa ta a 1945, ta soma aiki a 1950. A farkon 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa ta ɗaga kuɗin ƙaramar motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa naira miliyan 3. Daga ran 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka matsa wajen neman takardar a hanya, a cikin wannan shekara kuma aka sa hannu a sabuwar dokar inshora wadda ta tattara tsofaffin dokokin wuri ɗaya. Wajibcin dai yana nan, kuma bai tambayi shekarun mota ba.

Hujjar mai tsohuwar mota

Adalci ne a fara jin ta bakin mai abin. A misalta wani direba mai a-kori-kura, wanda ke jigilar hatsi tsakanin ƙauyukan Kiyawa da Dutse. An tsai da shi, ma'aikaci ya ce, "Baba, ina takardar lafiyar mota?"

Shi kuwa ya ce, "Yallaɓai, mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Motar nan tun kana goye ni ke tuƙa ta. In ta yi tari da asuba na san abin da ke damunta. Wane gwaji za ka yi mata cikin minti goma wanda ya fi shekara talatin da na yi da ita? Da tsohuwar zuma a ke magani. Kuɗin da za a karɓe mini kuwa abincin iyalina ne na kwanaki."

Wannan magana tana da nauyi, kada a raina ta. Har ma akwai ƙasar da ta yarda da wani sashe nata. A Ingila an fara gwajin motoci na shekara shekara a 1960, kuma da fari motocin da suka wuce shekara goma kaɗai a ke gwadawa. Amma daga watan Mayu 2018 sai suka ɗauke wa motar da ta wuce shekara arba'in wannan gwaji, muddin ba a sāke mata manyan sassa ba. Dalilinsu shi ne, irin waɗannan motoci masu sha'awa ke ajiye su, suna tattalinsu kamar ƙwai, ba sa fito da su sai jefi jefi. Jamusawa kuwa ba su bi wannan hanya ba. Tun 1997 su ke ba motar da ta shekara talatin lamba ta musamman don girmama ta, amma duk da haka sai an kawo ta an gwada kowace shekara biyu.

Sai dai a lura da abu biyu. Ko a Ingila ba a ɗauke wa tsohuwar mota inshora ba, kuma in aka kama ta a hanya da mataccen birki mai ita zai sha hukunci. Sa'an nan motar da su ke magana a kanta ta hutu ce, ba ta neman abinci ba. A nan ƙasar ma akwai motar da ba wanda zai nemi takardarta, kamar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ran 13 ga Fabrairu 1976, wadda aka ajiye a gidan tarihi na Legas. Ita ta gama tafiya, kallonta kawai a ke yi. Amma a-kori-kurar Kiyawa ba ta gama ba. Kullum tana bisa hanya, da kaya fiye da ƙarfinta, cikin zafin bazara da ramukan damina.

Tsufan mutum da tsufan ƙarfe

Kuskuren ya samo asali daga kwatanta mota da mutum. Mutum in ya tsufa ƙarfinsa ya kan ragu, amma hankalinsa ya ƙaru, shi ya sa a ke girmama shi. Mota ba ta da hankalin da zai ƙaru. Abin da shekaru ke ƙara mata tsatsa ne da gajiya.

Man birki ya kan tsotsi laima a hankali. In ya daɗe ba a sāke shi ba, ran da birki ya yi zafi sai ya tafasa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa babu kome. Robobin da man ke bi su kan bushe su tsattsage daga ciki, inda ido ba ya gani. Motocin da da yawa hanya ɗaya tak man birkinsu ke bi zuwa ƙafafu huɗu, in ta ɓule wuri ɗaya duk birkin ya tafi. Taya kuma tana tsufa ko ba a hau ta ba. A gefen kowace taya ta zamani akwai lambobi huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta: in an ga 2319, watau mako na 23 na shekarar 2019 ke nan. Wanda ya koyi karatu yana iya duba wannan da kansa kafin ɗan gwanjo ya sayar masa da tayar da ta mutu tun a ƙasar da ta fito.

Hanyar ma ta sāke. Motar da aka sayo kafin ran 2 ga Afrilu 1972, ranar da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, an yi ta ne don wata irin hanya dabam. Titin da ya taso daga Kano ya bi ta Wudil da Shuwarin ya nufi Azare yanzu na masu gudu ne. Motar da ke tafiyar kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 kafin mutum ya ƙirga ɗaya. In kuma aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya ya kan ninku sau huɗu. Wannan lissafi ba ya sanin dattijo, ba ya jin kirari.

Game da batun mai ɗaki da yoyonsa, gaskiya ne ya san inda ruwa ke ɗiga. Amma sabo ya kan mai da aibi ya zama ba kome ba. Direban da ya saba taka birki sau uku kafin ya kama, ya daina ganin wannan cuta ce, ya ɗauke ta halin motarsa. Sitiyarin da ke wasa, hannunsa ya koyi yadda zai lallashe shi. Ran da yaro ya ɓullo a guje daga bayan wata mota, babu lokacin taki uku. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Don haka a ke bukatar idon baƙo, ba don ya fi mai motar saninta ba, sai don shi ba ya sonta.

Wanda ba a yi shawara da shi ba

Ga ainihin maganar. In mutum ya hau reshen da ya bushe don ya tsinko mangwaro, ya faɗo, kansa ya yi wa. Amma mai mota ba shi kaɗai ke cikin kasadar ba. Akwai yarinya mai tallan dabino a bakin titi, da Bafillatana mai ƙwaryar nono, da manomi bisa amalanken shanu, da almajiri mai tsallaka hanya. Ba ɗayansu da aka tambaya ko ya yarda a wuce ta gabansa da birki mai taki uku. Ribar jigila ta mai mota ce, hatsarin kuwa an raba shi da mutanen da ba su ci ko kwabo ba. Mutum yana da ikon yafe hakkinsa, amma ba shi da ikon yafe na wani.

Wannan ba sabon tunani ba ne da Turawa suka kawo. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda a ke karantawa a zaurukan malamai ko'ina a ƙasar Hausa, an ɗora wa mahayin dabba, da mai janta, da mai kora ta, lamunin abin da ta taka. Malaman fiƙihu kuma sun yi maganar katangar da ta karkata wajen hanya: in an gargaɗi mai ita, ya sami lokacin gyara bai gyara ba, ta faɗa wa mai wucewa, to, alhakin yana wuyansa. Kowa a ƙasar Dutse ya san yadda katangar ƙasa ke yi in ruwan Agusta ya jiƙa gindinta. Tsohuwar mota marar birki katanga ce mai karkata, sai dai ita tana yawo gari gari. Gwajin Bi'ai'o kuwa shi ne gargaɗin.

Wani ya kan ce, "Ai in kwana ya ƙare ko sabuwar mota ce sai an tafi." Haka ne, ba mai musun ajali. Amma a dubi mai wannan magana da safe kafin ya tashi. Ya kan leƙa tanki ya ga ko mai zai kai shi, ya kan ƙirga kuɗin lodi sau biyu. Bai taɓa barin waɗannan ga ƙaddara ba, gama in an yi hasara shi za ta faɗa wa. Sai wajen birki da taya, inda hasarar za ta faɗa wa ɗan wani, nan ne ya ke tuna ƙaddara. Wannan ba tawakkali ba ne, son kai ne ya sa rigar tawakkali.

Inshora da diyya

Ko an gyara mota sarai, tsautsayi ba ya ƙarewa. To, in ya auku wa zai biya? Mai tsohuwar mota galibi ba mai dukiya ba ne. In ya kaɗe magidanci mai 'ya'ya shida, ko an sayar da motar da gonarsa ba za su riƙe marayun shekara biyu ba. Abin da a kan yi shi ne a tara dattawa, a je a ba da haƙuri, iyalin mamaci su ce sun bar wa Allah. Yafiya abu ne mai kyau in daga zuci ta fito. Amma sau da yawa matar da ta ce ta yafe ta ga babu abin da za ta samu ne, kuma tana jin kunyar idon manya. Yafiyar da babu zaɓi a cikinta ba ta ciyad da maraya.

Shari'a ta san wannan tun da daɗewa, shi ya sa ba ta bar diyyar kisan kuskure a kan mutum ɗaya ba, ta raba ta a kan danginsa, kowa ya kawo kaɗan, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Inshorar mota ta yi kama da wannan ta fuskar manufa: masu motoci dubbai su zuba kaɗan kaɗan, ran da tsautsayi ya faɗa wa ɗayansu a biya wanda aka cuta daga abin da aka tara. Direban da ya ce ya biya shekara goma bai karɓi kome ba, sai ya gode wa Allah, gama ma'anarsa shekara goma bai zubar da jinin kowa ba. Kuɗin ba don shi aka ajiye ba tun farko.

Akwai malaman da ke ƙyamar inshorar kamfani, suna ganin akwai riba da rashin tabbas a cikinta. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana da mafita. A 2013 hukumar inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful, watau asusun taimakon juna bisa tsarin Musulunci, kuma akwai kamfanonin da aka ba izinin yinsa. Saboda haka ƙyamar riba ba ta zama hujjar hawa hanya hannu sake ba.

Takardar da ba ta ga mota ba

Akwai wata cuta da ta fi rashin takarda muni. Ita ce a ba wani ɗan tsakani kuɗi, ya tafi ya komo da takardar lafiyar mota, alhali motar tana gida a kan duwatsu, ba wanda ya taka birkinta. Haka kuma a kan sayi takardar inshora ta jabu, wadda ba kamfanin da ya san da ita, don kawai a nuna wa ɗan sanda. Takardar lafiyar mota shaida ce. Mai sa mata hannu yana cewa ne, "Na gani da idona, wannan mota ba za ta cuci kowa ba." In bai gani ba ya yi shaidar zur, kuma mai motar da ɗan tsakanin duk sun yi tarayya da shi a ciki. Wanda ba shi da takarda ya san yana da laifi, wataƙila ya tafi a hankali. Mai takardar ƙarya kuwa ya sayi kwanciyar rai da kuɗinsa, ya taka mota yadda ya ga dama. Ramin ƙarya ƙurarre ne: ran da aka kai takardar jabu wurin kamfani don a biya majinyaci, ran nan a ke sanin takarda ce kawai. Ga shi kuwa yanzu kamfanonin inshora suna da rajista guda, ana iya duba lambar mota ta wayar hannu a san ko takardar ta gaskiya ce.

Nauyin da ke kan hukuma

Ba daidai ba ne a jibga wa talaka dukan kayan. In doka ta ce a kawo mota a gwada, wajibi ne gwajin ya zama na gaskiya, kuɗinsa sananne, wurinsa kusa, kada mutumin Gwaram ko na Jahun ya kashe yini biyu da kuɗin mai don aikin rabin sa'a. In an sami aibi a gaya wa mai motar abin da zai gyara, a ba shi wa'adi, gama nufin doka gyara ne, ba tara ba. Ma'aikacin da ya mai da shingen hanya wurin karɓar na goro, shi ke koya wa direbobi cewa takarda ciniki ce. Kamfanin da ke karɓar kuɗi da fara'a, ran biya kuwa ya yi ta yawo da marayu, shi ke koya musu cewa inshora haraji ne marar amfani. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da Bi'ai'o, da 'yan sanda, duk amana ce a hannunsu, kuma za a tambaye su.

Direbobi su ma suna da abin yi a junansu. Mutanen da suka iya adashi don biki da suna, sun iya adashi don taya da birki. Shugabannin tasha sun fi kowa sanin motar da ba ta da lafiya. In suka hana ta lodi har ta gyaru, sun yi abin da ma'aikaci goma ba za su iya ba.

Amsar tambaya

Tsohuwar mota ta cancanci girmamawa, mai ita kuma ya cancanci yabo, gama riƙe abu shekara talatin ba aikin malalaci ba ne. Amma girman da ya dace da ita shi ne a kula da ita fiye da sabuwa, kamar yadda a ke yawaita kai tsoho wurin likita, ba a ce tun da ya tsufa ya wuce a duba shi ba. In kuwa ta kai inda gyara ba ya kama ta, mutuncinta shi ne a jingine ta a gida, jikoki su riƙa kallo ana ba su labari.

Akwai wani gwaji da ba ya bukatar ma'aikaci ko takarda. Mai mota ya zauna shi kaɗai da dare, ya misalta 'yarsa ce ke tsaye da tiren dabino a bakin titin Shuwarin, ga wata mota irin tasa sak, da birkinta da tayoyinta, ta taho da cikakken lodi. In zuciyarsa ta kwanta, to, ya kai motar a gwada, ba abin da zai ji tsoro. In kuwa gabansa ya faɗi, ya riga ya san sakamakon, gama kowace yarinya da ke bakin titi 'yar wani ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kai kowa gida lafiya.